Kamfani mai ma'aikatansa ko mai raba jinga: wa zan ba gyaran gidana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina son a gyara min banɗaki biyu da kicin, za a fasa tayil a sake fayif da wayarin, kuma muna cikin gidan da yara za a yi aikin. Kamfani biyu sun kawo lissafi. Na farko ya fi tsada, wai don ma'aikatansu nasu ne na dindindin, na biyu kuma raba aikin za su yi ga masu jinga. Sai wani mai tayil ya ce min duk yaudara ce, ai su ɗin ne dai ke yi wa kamfanonin aiki, in ba shi kai tsaye ya haɗo min mutane a rabin kuɗin. Tsorona shi ne shekara biyu da suka wuce an gyara min banɗakin sama, yanzu silin ɗin falo ya yi baƙi da danshi, mai famfo ya ce laifin mai tayil ne, mai tayil ya daina ɗaga waya. Wallahi ba na son in sake faɗawa. Me ya sa wasu kamfanoni ke nacewa a kan ma'aikatansu, kuma ƙarin kuɗin ya cancanta?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Silin ɗin falonki ya riga ya ba ki rabin amsar, don abin da ya same ki shi ne ainihin abin da kamfanonin nan ke gudu.

Mai jinga da faɗin wurin da ya shimfiɗa ake biyansa, mita kaza kuɗi kaza, ko a ce ɗaki kaza kuɗi kaza. Duk awar da ya tsaya jiran siminti ya bushe asara ce a wurinsa, don wani aikin na jiransa a wani gida. Ma'aikacin albashi kuwa ko foman ya ce a bar wurin nan sai jibi, kuɗinsa ba ya raguwa, zai bari. Kuma in an yi kuskure shi ɗin dai za a turo ya fasa ya sake a gaban ogansa, to wanda ya san shi zai dawo ya kwashe ɓarnarsa ba ya yin aikin rufa-rufa. Ga maganar jere, mai famfo ya gama kafin mai plasta, mai plasta kafin mai tayil, in duk mutanenka ne allo ɗaya ya isa ka tsara su, in kuwa kowa ogan kansa ne sai mutum ɗaya ya ƙi zuwa ranar Talata aikin sati guda ya tsaya cak ku kuna zaune babu ruwa. Sannan gida ne da mutane a ciki, kamfani na son ya san wa ya shiga ɗakin kwanan mutane, ya san sunansa da inda za a same shi. Ƙarin kuɗin da kika gani kuwa albashin watannin da babu aiki ne, da inshora, da kayan aiki, da mota, da kuɗin dawowa gyara kyauta.

Yanzu bari in zo kan maganar mai tayil ɗin nan, don ita ce ke ci min tuwo a ƙwarya, kusan kullum sai na ji ta. Wai ai hannu ɗaya ne, wanda zai yi wa kamfani shi zai yi miki. Eh, hannun zai iya zama ɗaya, amma idon da ke kansa fa? A gyaran banɗaki abin da kike gani ranar da aka miƙa miki makulli, tayil mai sheƙi da fenti, shi ne mafi sauƙin aikin. Abin da zai cutar da ke duk a binne yake cikin bango da ƙasa. Fayif ɗin ruwa na roba da ake kira PPR da zafin inji ake haɗa shi, in aka bar shi ya daɗe a kan injin sai bakin ya narke ya toshe rabin hanyar ruwa, in aka cire da wuri sai ya riƙa tsatsafo kaɗan kaɗan, kuma daga waje duka biyun kyau suke da shi. Shi ya sa kafin a rufe bango ake toshe bakunan fayif a ɗura ruwa da famfon gwaji a sa ido a kan agogon, in allurar ta sauka akwai yoyo. Haka ƙasan banɗakin sama, bayan an shafa maganin hana ruwa ya bushe, toshe magudana ake yi a cika wurin da ruwa a bar shi aƙalla awa 24, a sauka ƙasa a duba dakin, wato kankaren da aka zuba tsakanin sama da ƙasa. To ki gaya min, mai tayil da ke sauri ya karɓi cikon kuɗinsa, shi ne zai zauna kwana guda yana kallon ruwa? Shi ne zai ce wa mai famfon da shi ya kawo shi ka sake wannan? Ba zai yi ba, kitso za a yi da kwarkwata a ɗora tayil a kai.

Na sha fasa irin waɗannan banɗakuna. Ka ɗaga tayil ɗaya ka ga an ɗiga siminti guri biyar kamar tambari, tsakiya duk rami, ruwa ya kwanta a ciki yana wari, ka ƙwanƙwasa na kusa da shi ka ji yana amsa kamar ganga. Wannan ma asarar kuɗi ce kawai. Wanda ke hana ni barci shi ne wuta. Waya mai kauri 1.5 (sikwaya milimita) ta fitila ce, soket 2.5 yake so, hita kuma layinta daban da burekarta da wayar at, wato wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa, tare da na'urar da ke yanke wuta in ta fara zurarewa, mai miliam 30, wato ma'aunin ƙaramar wutar da za ta sa ta yanke. Amma sai ka buɗe bango ka tarar an ja wa hita waya daga soket ɗin ɗakin kwana, babu at, an naɗe mahaɗar da salatif an binne cikin plasta, a wurin da yaro zai tsaya ba takalmi jikinsa jiƙe. Wanda ya yi wannan ba lallai mugu ba ne, sau da yawa mai tayil ne ya kira wani yaronsa da ya "ɗan iya wuta" don kuɗin ya tsaya a hannunsu. Ni wallahi raina na ɓaci in na ji ana kiran wannan sauƙi. Ga masu fasa bango don a faɗaɗa kicin ba tare da an duba ko bim mai ɗauke da nauyin ginin sama na zaune a kansa ba, su ma daga wannan ƙofar ta "ba ni kai tsaye" suke shigowa.

Kuma ki lura, ranar da kika ba shi kai tsaye ke kika zama kamfanin. Ke ce foman, ke ce mai garanti, in lebura ya faɗo daga tsani ƙofarki za a zo. In yoyo ya fito babu takardar da ta ɗaure kowa, kowa zai nuna ɗan'uwansa kamar yadda aka yi miki.

Amma kar ki ɗauka duk mai raba jinga macuci ne. Kamfanoni nagari da yawa na ba da aikin gas ko gilashi ko alminiyon ga ƙwararrun waje, don ba kullum ake samun irin aikin ba balle a ajiye mutum a kan albashi, kuma hakan daidai ne in dai kamfanin ne ya sa hannu zai ɗauki alhakin komai. Sannan akwai masu cewa "ma'aikatanmu ne" alhali riguna kawai suka buga, da safe su kwaso mutane su raba musu. Don haka kamfanin farkon ma kar ki ɗauki maganarsu haka nan. Ki tambayi sunan foman da zai tsaya a gidanki da shekarunsa a wurin, ki tambayi wane ɓangare ne za su ba wa na waje, in sun ce babu ko ɗaya ki sa su rubuta.

Duk wanda kika zaɓa cikin biyun, a sa a takarda cewa ba za a rufe fayif ko waya ba sai an yi gwaji a gabanki kin ɗauki hoton bangon a buɗe, hoton zai yi miki amfani ko ranar da za a kafa ƙusa. A rubuta wa'adin gyara kyauta, wata 6 zuwa shekara shi aka saba, kuma ki riƙe kashi 5 cikin ɗari na kuɗin sai wa'adin ya cika. In na biyun sun yarda da waɗannan kuma suna da foman nasu da zai wuni a wurin, za ki iya ba su. In sun fara kame-kame, ki biya na farkon. Banɗakin saman nan kuma ki sa shi cikin lissafin tun yanzu, a daina wanka a ciki har a fasa a gano bakin yoyon, don danshin da ya kai silin ya riga ya ratsa dakin, kuma rodin da ke ciki tsatsa yake yi.