Kwana goma a Tunisiya da mota: ta ina za a bi, a ina za a yada zango?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Zariya, ina shirin zuwa Tunisiya da maiɗakina da babban ɗanmu na tsawon kwana goma. Muna so mu ɗauki hayar mota mu ziyarci Ƙairawan, mu hau duwatsu, mu tsallaka tsibirin Jarba da na Karkana, kuma na sa Tozar da Ain Daraham a cikin jerin. Yaya zan tsara hanyar don kada mu bar komai?

Amsa: Malam, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Jerin nan ya fi ƙarfin kwana goma, kuma idan ka nace sai ka cika shi, rabin tafiyar a cikin mota za ku yi ta. Shawarata ita ce ka daina lissafin kilomita, ka koma lissafin dare, wato inda za ku kwana da adadin daren da kowane wuri ya cancanta. Da wannan ma'auni za ka ga cewa hanya ɗaya ce ta dace, daga Tunis a arewa a gangaro kudu har Jarba ba tare da komawa baya ba, a ajiye motar a can a hau jirgin sama. Ain Daraham tana arewa maso yamma kusa da iyakar Aljeriya, Tozar kuma ta haura kilomita 200 zuwa yamma daga Gabes, birnin da ke kan hanyarku ta kudu, saboda haka a ɗage su zuwa wata shekarar. Karkana ma a haƙura da ita, domin jirgin fito daga Safaks yana cin fiye da awa guda, kuma tsibiri ɗaya da aka zauna a cikinsa ya fi biyu da aka leƙa.

Ku yi dare biyu na farko a Tunis ba tare da mota ba, domin lungunan tsohon gari da ke kewaye da masallacin Zaituna da ƙafa ake shigarsu, kangon Kartaj da garin Sidi Bu Sa'id kuwa ƙaramin jirgin ƙasa yana zuwa. A safiya ta uku ku karɓi motar. A hannun dama ake tuƙi kamar a Najeriya da Nijar, allunan hanya kuma da Larabci da Faransanci suke, don haka ka riƙe yadda ake rubuta sunayen a kansu: Kairouan, Sfax, Djerba, Tataouine. Ku bi ta Zagwan, mai nisan kusan kilomita 60, inda dutse mai tsayin mita 1,295 yake tsaye a kan gari. A gindinsa ne Rumawa suka tare ruwan marmaro a zamanin sarki Hadriyan, suka gina masa magudana mai tsawon kimanin kilomita 130 har Kartaj, kuma har yanzu ana ganin ginshiƙanta a gefen hanya.

Ƙairawan ce nake roƙonka ka ba dare biyu cikakku, ko da za a rage wa wani wurin. Uƙba bin Nafi'u ne ya kafa ta a shekarar 670, babban masallacinta kuma sarakunan Aglabawa suka sake gina shi a 836. A nan Imam Sahnun, mai Mudawwana, ya yi alƙalanci har ya rasu a 854, a nan kuma Ibn Abi Zaid, mai Risala, wanda ya rasu a 996, ya rayu. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure a Zariya ko Kano ya karanta Risala ya san sunan garin tun kafin ya san inda yake. Masu zuwa da safe su wuce da azahar hoto kawai suke ɗauka. Wanda ya kwana kuwa zai sami sallar asuba a masallacin, ya fito farfajiya kafin rana ta yi zafi, ya duba yadda aka ɗan karkatar da daɓen don ruwan sama ya gangara cikin rijiyoyin ƙarƙashin ƙasa, ya sa yatsa a cikin zanen da igiyar guga ta yi a bakin marmara saboda ɗaruruwan shekaru na jan ruwa. Ginshiƙan cikin masallacin ba su yi kama da juna ba, domin daga tsofaffin gine-ginen Rumawa aka kwaso su. A rana ta biyu ku ziyarci makwancin sahabi Abu Zam'a al-Balawi da tafkunan Aglabawa, ku kuma ɗanɗana makarud, wani cincin na alkama mai cikin dabino. Idan tafiyar ta zo daidai da Mauludi, a kama masauki tun da wuri, domin garin cika yake maƙil.

Daga nan zuwa Al-Jam kusan kilomita 70 ne, inda akwai katafaren filin wasan Rumawa na ƙarni na 3 mai ɗaukar mutum kimanin 35,000. Awa biyu ta isa. Ku kwana a Safaks, washegari ku hau babbar hanyar A1, wadda ake biyan kuɗin bi, zuwa Gabes, sannan ku ratse kilomita 40 zuwa Matmata.

A nan ne duwatsun Dahar suka fara, kuma a nan ne taswira take yaudarar baƙo. Tazarar Matmata zuwa Madanin, garin da za ku bi zuwa Tatawin, ta hanyar ƙauyen Tujan ba ta da yawa a takarda, amma hanyar kwana-kwana ce a gefen gangare, don haka a ninka lokacin da aka ƙiyasta, a cika tanki tun daga Gabes, a sauko da ƙaramar giya maimakon dogaro da birki, kuma kada magariba ta same ku a kan dutse. Dare ɗaya ya isa a Matmata don ganin gidajen da ake haƙa rami mai faɗi a ƙasa, a fafe ɗakuna a bangonsa saboda zafi. Tatawin kuwa ta cancanci dare biyu. Kusa da ita akwai Shanini da Duwairat, ƙauyukan Barbar da aka maƙala a jikin dutse, da kuma wurin da ake kira Ksar Aulad Sultan, inda aka jera ɗakunan ajiyar hatsi hawa-hawa kewaye da fili, kowane gida da nasa. Ɗan manomi daga ƙasar Hausa ba ya bukatar a yi masa bayani: rumbuna ne na gari guda aka haɗa wuri ɗaya don a iya tsaronsu.

Jarba, mai faɗin murabba'in kilomita 514, ita ce tsibiri mafi girma a Arewacin Afirka, kuma hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2023. Hanya biyu ake shigarta. Akwai jirgin fito daga Jurf zuwa Ajim, wanda tsallakawarsa ba ta wuce minti ashirin, amma na taɓa shafe fiye da awa biyu a layinsa cikin watan Agusta, rana tana dukan rufin mota, ruwan shanmu ya ƙare. Tun da daga Tatawin za ku taso, ku bi ta kusa da Jarjis ku hau doguwar hanyar nan ta kusan kilomita 7 da aka cike teku aka shimfiɗa tun zamanin da, ku fito a Al-Ƙantara. Dare biyu na ƙarshe ku yi su a Humat Suƙ, ku zaga fararen masallatan Ibadiyya masu kaurin bango kamar ganuwa, ku je Gallala wurin magina tukwane.

Duka tafiyar, har da 'yan zagaye, ba za ta kai kilomita 1,000 ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Maris zuwa Mayu, ko Oktoba da Nuwamba, domin a tsakiyar shekara zafin kudu yakan haura digiri 40. Tun a Tunis ka nemi a rubuta a takardar haya cewa a filin jirgin Jarba za ka mayar da motar, tare da ƙarin kuɗin da hakan zai ci, kuma ka ɗauki hoton duk wani ƙwarzane da ke jikinta kafin ka tayar. Fasfo da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa su kasance kusa da hannu saboda shingayen bincike. Dinarin Tunisiya kuma doka ba ta yarda a fita da shi daga ƙasar ba, don haka ka riƙa canji kaɗan-kaɗan, ka adana rasit ɗin banki don ka iya mayar da abin da ya rage kafin ku hau jirgi.