Yadda ƙaramar tankar Jamus za ta yi kama da wadda ta sha fagen daga

Ɗan'uwa, ka ce ka haɗa ɗan ƙaramin samfurin tankar yaƙin Jamus, Panzer IV, mai ma'aunin 1/35 (wato kashi ɗaya cikin 35 na girman ta gaske), ka shafa mata ruwan toka, amma ta fito kamar kayan wasan yara. Kafin komai, wace shekara kake nufi? Ruwan toka mai duhu na farkon Yaƙin Duniya na Biyu ne. Daga Fabrairun 1943 aka koma rawaya mai duhu, sojoji kuma su riƙa ƙara kore da jan makuba da kansu a filin daga, shi ya sa zanen wannan tanka ya sha bamban da na waccan. A fentin kamfanin Tamiya, XF-63 ne tokar, XF-60 kuma rawayar.

Sai batun sa ta yi kamar ta tsufa. Shafa mata fenti mai sheƙi marar launi, ka bar shi ya bushe sosai. Sirka fentin mai, ruwan ƙasa mai duhu, ya tsinke kamar ruwan shayi, ka ɗiga shi da siririn buroshi a gindin kusoshi da tsagogi. Da kansa zai bi layi. Alamar ƙujewar fenti kuwa da guntun soso ake yinta, bayan ka goge mafi yawan fentin a takarda, kuma a inda takalmi da hannu ke taɓawa kaɗai, wato bakin ƙofofi da gefuna.

Tsatsa ce nake roƙonka ka yi wa sauƙi. Tankar da ke bakin aiki ba ta zama jawur; a bututun hayaƙi tsatsa ke taruwa. Ƙura da laka su yi yawa a ƙasa, su ragu zuwa sama. Haƙoran sarƙar da tankar ke tafiya a kai, goga musu fensir su yi ƙyallin ƙarfe.