Damisa ƙi sabo, da sauran tambayoyinku

Wani mai karatu daga Marwa ya tambaya: "Malam, mene ne bambancin damisa da rabbi? A kasuwa na ji ana kiransu da suna ɗaya."

To, ɗan'uwa, kama da wane ba ta wane. Masu wannan haɗin ba su taɓa tsayawa sun dubi fata ba. Zanen damisa zobe-zobe ne, baƙi a gefe, tsakiya ja-ja. Na rabbi kuwa ɗigo ne baƙi cikakke, ga kuma baƙin layi daga lungun ido ya gangaro gefen baki. Damisa gajeriya ce kakkaura, da dare take farauta, takan ja abin da ta kashe ta hau bishiya da shi. Rabbi siriri ne mai dogayen ƙafafu, da rana yake bin barewa da gudu a fili. Sawunsu ma ya bambanta: damisa na ɓoye farce in tana tafiya, na rabbi yakan fito a ƙasa. A Kamaru da wuya yanzu a yi karo da rabbi. A Chadi, wajen gandun Zakuma da aka kafa a 1963, yana nan.

Tunda an taɓo wurin, bari in yi magana da masu fassarar labarai. Wancan mai ratsi-ratsi na Indiya ba damisa ba ne, ba a taɓa samunsa a dajin Afirka ba. Sai ka ji an ce "damisar takarda" wai ana nufin mai barazanar banza. Bahaushe yana da holoƙo hadarin kaka, me ya kai shi aro?

Wata Hajiya daga Garwa tana son ma'anar "damisa ƙi sabo". Kirari ne, Hajiya. Ko da madara aka raine ta, in ta girma halinta na nan. Akan faɗa wa wanda ba a sakin jiki da shi komai daɗewar zama.

Daga Kusiri: "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ya dace da zakin Waza da ake kashewa saboda shanu?"

Ya dace rabi. Zaki na kama shanu, ba ƙarya, amma dubi mafari. Gandun Waza, a arewacin Kamaru, ya zama wurin kariya a 1934, ya zama babban gandun ƙasa a 1968. Da aka gina madatsar Maga a 1979, ambaliyar da ke shayar da fadamar kogin Lagon ta ragu, ciyawa ta ja baya, namun da zaki ke ci suka ragu, garkuna kuma suka matso. Kafin a ɗora wa zaki laifi, a duba mushen: zaki da damisa maƙogwaro ko wuya suke kamawa, kura kuwa ta ciki da ƙugu take farawa, sawunta da farce. Zuba guba a mushe shi ne mafi muni, domin ungulu da dila da karnukan ruga duk su ci su mutu. Abin da ke aiki shinge ne na ƙaya mai kauri wanda saniya ba ta hangen waje, ƙofa ɗaya a toshe, babban mutum, ba yaro ba, a bakin garke, kuma a dawo da dabbobi kafin magariba. Shingen da ake gani ta cikinsa, shanu ne da kansu ke fasa shi in sun firgita.

Daga Njamena: jam'in zaki, zakuna ko zakoki? Duka biyun Hausa ne.

Mage da kyanwa fa? Abu ɗaya ne, namijin shi ne muzuru.