Ma'aunin ruwa ya ce mita 8.5, rahoto ya ce mita 40: wa ya yi ƙarya?

Tambaya: Malam, ina nazarin tsunamin Japan na 11 ga Maris, 2011. Ma'aunin ruwan teku na garin Miyako ya nuna mita 8.5, rahotanni kuwa suna cewa ruwan ya kai kusan mita 40 a wannan yanki. Hankalina ya tashi, ko lissafina ne ya ɓaci?

Amsa: Kwantar da hankalinka, abu biyu ka haɗa. Ma'aunin yana cikin tashar jiragen ruwa, tsayin ruwa a wurin kawai yake gani. Mita 40 ɗin kuwa iyakar inda ruwa ya hau tudu ne, wanda aka auna daga baya ta tabon laka da tarkace. Sannan duba ƙarshen layin awon: ma'aunin Miyako ya daina aiki ana tsakiyar ambaliyar. Shi ya sa hukumar yanayi ta Japan ta rubuta "8.5 ko fiye". Kada ka yar da "ko fiye" ɗin nan.

Kafin ka amince da kowace lamba, cire cika da janyewar teku na kullum, abin da ya saura shi ne tsunamin. Duba tazarar awo: igiya ɗaya kan ɗauki minti 5 zuwa awa guda, don haka bayanan awa-awa ba za su kama ƙololuwarta ba, nemi na minti-minti. Tsofaffin ma'aunai masu rijiya, da ruwa ke shiga ta ƙaramin rami, suna rage tsayin igiya. Ƙasar ma ta motsa, a yankin Oshika ta nutse fiye da mita ɗaya, ta tafi da sifilin ma'aunin, wato matakin da awo ke farawa daga kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ɗaukar igiyar farko a matsayin girman tsunami. Kullum sai ka ji wani gwanin intanet ya ce "santimita 20 ce kawai, an tayar da hankalin mutane a banza". A ranar nan ta 2011, awon farko da aka sanar daga Kamaishi da Ofunato mita 0.2 ne, cikin ƙasa da awa guda ruwa ya ci garuruwan. Dalilin da ya sa daga 2013 hukumar ta daina fitar da ƙananan lambobin farko idan ana jiran babbar igiya ke nan, sai ta ce ana kan awo. A garin Hilo na Hawaii, cikin 1960, igiya ta uku ce ta kashe mutum 61. A Crescent City ta Amurka, 1964, ta huɗu ce ta fi ɓarna, bayan wasu sun koma duba dukiyarsu. Tashar jiragen ruwa kamar kwano take, ruwa kan yi ta kaɗawa a ciki awanni da yawa, sabuwar igiya ta zo ta hau kan tsohuwa. Saboda haka kada ka yanke bayananka a awa uku na farko, ɗauki aƙalla kwana biyu, ka rubuta lokacin isowar igiyar farko daban da lokacin mafi girma.