Nama ya yi tsada, yaya zan yi da tukunyar gidan mutum tara?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Mu tara ne a gida, ni da maigida da yara bakwai. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin cefane ya daina kai mu, naman da muke saya ko yanka ɗai-ɗai ba ya zagayawa. Kullum sai ƙananan sun yi kuka wajen rabo. Ina mafita? Daga Maman yara, Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya buɗa mana baki ɗaya.

Ki daina sayen tsoka zalla. Ki ce wa mahauci ya haɗa miki da ƙashi mai ɓargo da ɗan kitse, ko ki karkata ga kayan ciki, tumbi da hanji da huhu, ko kai da ƙafa. Abin da ke ɗaga miya romo ne, kuma ƙashi ya fi tsoka bayar da shi. Ki sa albasa, citta, kanumfari da gishiri, ki bar shi ya daɗe a wuta kaɗan-kaɗan. Romon ki raba biyu: rabi ya shiga miyar kuka yau, rabi taushen gobe.

Maganin kukan yara kuwa turmi ne. Idan naman ya yi laushi, ki tsame shi, ki ɗan daka kamar za ki yi dambu, sannan ki mayar cikin miya. Duk wanda ya kai loma zai ji nama, ba wanda zai leƙa kwanon ɗan'uwansa. Daddawa mai kyau da garin busasshen kifi su ƙarasa aikin. Ranar da babu ko ƙashi, ki soya awara ki zuba a miyar jajjage, ko ki yi faten wake da alayyahu. Wake da gyaɗa da waken suya suna gina jiki sosai. Ganda dai tauna ce, kada ki dogara da ita.

Idan kuna da maƙwabta masu amana, ku yi watanda. Gida biyar ko shida su haɗa kuɗi a sayi akuya ko tunkiya a yanka a kasafta, yawanci ya fi sayen kashi-kashi a bakin titi sauƙi. Kasonki ki soya shi ƙarau da gishiri tunda wutar lantarki ba ta da tabbas, ki riƙa ɗiba.

Akwai abin da ke damuna a gidajenmu: a cika kwanon maigida da manyan yanka, yara su tashi da romo. Yaro mai tasowa da mace mai shayarwa sun fi kowa buƙata, musamman hanta, saboda tana ƙara jini. Ki yi wa maigida maganar cikin lalama, da wuya uba ya ƙi.

Kada araha ta ja ki ga naman da ya wuni a rana har ya canza launi ko ya soma wari. Romon da ya kwana kuma ki tafasa shi sosai da safe kafin ki yi amfani da shi.