Me ya sa Amurka ke hutun Ranar Tsofaffin Sojoji a 11 ga Nuwamba?

Tambaya: Na ga ana rufe ofisoshin gwamnati a Amurka duk ranar 11 ga Nuwamba don girmama 'yan mazan jiya. Daga ina ranar ta samo asali, kuma ita ce ranar da ake tunawa da waɗanda suka mutu a fagen daga?

Amsa: A'a, ranaku biyu ne daban, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Ranar 11 ga Nuwamba ta duk wanda ya taɓa aikin soja ce a Amurka, ya je yaƙi ko bai je ba, kuma an fi mayar da hankali ga yi wa masu rai godiya. Waɗanda suka kwanta dama a bakin aiki suna da tasu ranar, Litinin ta ƙarshe a watan Mayu. Ko a tuta za ka ga bambancin: a ta Mayu ana sauke ta rabin sanda har zuwa tsakar rana, a ta Nuwamba kuwa tana can ƙololuwa. Don haka bai dace a yi wa tsohon soja ta'aziyya a ranar ba, godiya ake yi masa.

Asalinta Yaƙin Duniya na Farko ne. Da asubahin 11 ga Nuwamba 1918 aka sa hannu a yarjejeniyar tsagaita wuta da Jamus, cikin wani taragon jirgin ƙasa a dajin Compiègne na Faransa, bindigogi suka yi shiru da ƙarfe 11 na safe. Yarjejeniyar zaman lafiya ta Versailles sai 28 ga Yuni 1919 aka kammala ta, amma ranar da harbi ya tsaya ita ta zauna a zukatan jama'a. Shugaba Woodrow Wilson ya yi shelar tunawa da ita a 1919. A 1921 aka binne wani soja da ba a gane ko wane ne ba a maƙabartar sojoji ta Arlington da ke kusa da birnin Washington, kuma har yau a kabarinsa ake ajiye furanni da ƙarfe 11 daidai. Sai a 1938 doka ta mayar da ita ranar hutu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu da na Koriya, miliyoyin sojoji suka dawo gida alhali ranar tana magana ne kan yaƙin 1918 kaɗai. Wani tsohon soja, Raymond Weeks na Birmingham a jihar Alabama, ya shirya bikin da ya haɗa kowa a 1947. A 1954 Shugaba Eisenhower ya sa hannu aka canza mata suna, ta zama ta dukkan tsofaffin sojoji.

An taɓa gusar da ita, abin bai yi kyau ba. Wata dokar 1968 ta mayar da wasu ranakun hutu zuwa Litinin don ma'aikata su sami kwana uku a jere, aka kai wannan ranar zuwa Litinin ta huɗu a Oktoba tun daga 1971. Jihohi da dama suka ƙi bi, ƙungiyoyin tsofaffin sojoji suka yi ta ƙorafi. Kuma suna da gaskiya, domin ranar ba ta da ma'ana idan aka raba ta da sa'ar da aka daina zubar da jini. Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a gyaran dokar a 1975, ta koma mazauninta a 1978.

Ga mai wata hulɗa da Amurka a ranar: ofisoshin gwamnatin tarayya da gidan waya a rufe suke, haka yawancin bankuna, amma kasuwar hannun jari tana aiki. Makarantu da kamfanoni kowa da tsarinsa. Idan ranar ta faɗo Asabar, ma'aikatan tarayya Juma'a suke hutawa, idan Lahadi ce kuma Litinin.