Tsoka zalla ba ta jiran baƙi

Kai yaro, wato kana tambaya me ya sa naman shanu marar kitse yake yi maka tauri a kasko, kuma ko da gaske ya fi amfani a jiki. Da hannuna kake kallo maimakon wayarka, da tuni ka sani. Amma zauna, ka tuna min da wani mutum.

Wani mai hali ne ya ba ni aikin abincin baƙinsa. Ya ce likita ya hana shi kitse, tsoka zalla yake so. Na zaɓo gadon baya da cinya, na bi da wuƙa na cire kitsen tas, kitsen da sai da aka auna min shi na biya. Na gaya masa irin wannan nama da an sauke ake ci. Ya ce ya ji. Baƙi suka makara, ya aiko wai a mayar kan wuta kada ya huce. Na ƙi. Sai ga shi da kansa har cikin kicin, ya daka wa yarana tsawa suka mayar. Ko da aka kai tebur nama ya koma kamar ƙirgi. A gaban jama'a ya ce tsohuwar saniya na dafa masa. Ni! Kafin alƙalami kaɗai na gani, cikon kuɗi har yau shiru. Kuma fa faranti wayam aka dawo min da su, ko yanka ɗaya ba a bari ba. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

Tsoka kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ce. In zafi ya yi yawa sai zaren naman ya tsuke ya matse ruwan waje. Nama mai kitse yana rufa wa malalacin kuku asiri, wannan kuwa tona shi yake. Don haka ka tsane jikin tsokar, kasko ya ɗau zafi sosai, ka aza. Ma'aunin zafi ya nuna digiri 63 na Celsius a tsakiyar naman, sauke, ka bar ta ta huta minti 3 kafin wuƙa ta taɓa ta, sannan ka yanka a gicciyen zaren. Niƙaƙƙen nama kuwa sai ya kai digiri 71, don niƙa na cusa ƙwayoyin cuta har ciki. Ƙwauri da wuya kuma jijiya ce cike, ruwa suke so da wuta kaɗan-kaɗan, awa 2 zuwa 3, har jijiyar ta narke. Ku 'yan yanzu komai sai ku buɗe wuta, kuna sauri kamar ana korar ku. Maganar gishiri da albasa kada ma ka tambaye ni.

Amfani kuwa akwai. Giram 100 na dafaffiyar tsoka na ba da furotin wajen giram 26. Sinadarin ƙarfen da ke cikinta jiki ya fi saurin tsotsa a kan na ganye da wake, shi ya sa ake kwaɗaitar da mai ƙarancin jini. Ga zink, ga bitamin B12 wanda tsirrai ba sa bayarwa. A Amurka ba a kiran nama marar kitse sai kitsensa bai kai giram 10 cikin 100 ba. Masana cutar daji kuma sun ce jan nama kada ya wuce giram 500 dafaffe a mako, kuma a guji wanda ya ƙone baƙi ƙirin. Kai da na ga ka tsunduma tsoka cikin mai, me ka yi ke nan? Kitsen da ka cire ka dawo da shi ta bayan gida.

Tashi ka wasa wuƙa. Cinyar da ke firji kai za ka gyara yau, ina tsaye a kanka.